Idan Maganin HIV Na Farko Ya Gaza: Wace Alama Za A Gaskata, Wane Magani Za A Koma?

Sakamakon jini ya dawo, yawan ƙwayar cutar ya haura 1,000 a kowace mililita. An yi wata uku ana zaman nasiha kan shan magani, aka sake ɗibar jini, lambar ba ta sauka ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya wannan shi ne gazawar magani: gwaji biyu a jere sama da 1,000, wata uku a tsakaninsu, ga mutumin da ya yi aƙalla wata shida yana kan magani. Daga nan maganar layi na biyu take tasowa, wato haɗin magungunan da ake komawa in na farko ya gaza, kuma tambayar da mai cutar yake yi, ko matarsa, ko ƙanin da ya rako shi asibiti, ba ta wuce guda: "Likita, wannan sabon zai yi aiki kuwa?"

Abubuwa huɗu ake dubawa don amsa ta. Akwai yawan ƙwayar cutar a ranar canji, wanda a asibiti ake ce wa bairal lod. Akwai adadin sojojin jiki, wato CD4. Akwai gwajin bijirewa, mai nuna magungunan da ƙwayar cutar ta koyi kauce musu. Sai tarihin shan magani. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, sun fi girmama gwajin bijirewa, don shi ne mai tsada, shi ake aikawa babban ɗakin gwaji, shi ke dawowa da haruffa da lambobi masu kwarjini. Ni kuwa a ganina, in an jera su huɗun, tarihin shan magani ne a gaba, kuma manyan binciken da aka yi a Afirka sun fi karkata can.

Takardar bijirewa da abin da ta faɗa a baibai

A 2014 aka fitar da sakamakon binciken EARNEST, wanda ya ƙunshi mutum 1,277 a Yuganda da Zimbabuwe da Malawi da Kenya da Zambiya, dukansu maganin layin farko ya gaza musu. An raba su gida uku. Wasu aka ba su lofinabir mai haɗe da ritonabir, wanda ke ƙara masa ƙarfi, tare da magungunan rakiya biyu irin na ajin da suka riga suka sha. Wasu aka haɗa musu lofinabir da sabon magani, raltegirabir. Na uku aka bar su da lofinabir shi kaɗai bayan makonni 12 na farko. A mako na 96, kashi 86 cikin ɗari na rukunin farko ƙwayar cutarsu tana ƙasa da 400, na biyu ma kashi 86, na uku kashi 61. Darasin farko a fili yake: magani ɗaya tilo ba ya riƙe cutar.

Darasi na biyu ne ya ɗaure wa masana kai. An adana jinin da aka ɗiba tun ranar shiga binciken, daga baya aka yi masa gwajin bijirewa. Abin da hankali zai ba ka shi ne, wanda takarda ta ce magungunan rakiyarsa biyu duk sun mutu shi zai fi shan wuya. Aka samu akasin haka. A mako na 144, a rukunin farko, waɗanda takarda ta ce ba su da ko ɗaya mai aiki, kashi 89 cutarsu ta kwanta. Masu guda ɗaya mai aiki, kashi 85. Masu biyu ko uku da ke aiki sumul, kashi 77, ko da yake waɗannan ba su da yawa. Wani binciken mai suna SECOND-LINE, wanda aka yi da mutum 541 a ƙasashe 15 har da Najeriya, ya ci karo da abu makamancin haka: masu ƙarancin bijirewa a farko su suka fi faɗuwa, tare da masu wasa da magani da waɗanda suka shigo da bairal lod sama da 100,000.

Bayanin ba shi da wuya in an zauna an yi tunani. Ƙwayar cuta ba ta koyon kauce wa maganin da ba ta haɗu da shi ba. Bijirewa tamkar kanta ce a tafin hannun manomi, shaida ce cewa an riƙe fartanya. Wanda jininsa ya cika da alamun bijirewa mutum ne da ya yi ta haɗiyar ƙwayoyinsa, maganin ne ya yi rauni a hannunsa, musamman tsoffin nan, nebirafin da efabirenz, waɗanda canji ɗaya tak a jikin ƙwayar cutar ya isa ya karya su. Ka ba irin wannan mutumin magani mai ƙarfi, zai sha yadda ya saba, cutar ta kwanta. Wanda kuwa bairal lod ɗinsa ya kai dubu ɗari amma takardarsa fes, ba ko ɗigon bijirewa, to maganin bai shiga cikinsa ba. Canza masa launin ƙwaya ba zai canza abin da ya hana shi sha ba.

Akwai kuma dalili na biyu, na cikin ƙwayar cutar kanta. Canjin da ake kira M184V, wanda ke sa ta bijire wa lamibudin, ɗaya daga cikin magungunan rakiya, yana rage mata kuzarin hayayyafa, yana kuma sa tenofobir, wani maganin rakiyar, ya ƙara cin ta. Shi ya sa likitoci ba sa cire lamibudin ko da takarda ta ce ya daina aiki.

To ko yin gwajin kafin canji yana ƙara wa mutane nasara? An gwada wannan kai tsaye a binciken REVAMP, a asibitocin gwamnati na Yuganda da Afirka ta Kudu, da mutum 840, aka wallafa a 2021. Rabi aka yi musu gwajin bijirewa aka bi abin da ya nuna, rabi aka bi tsarin da aka saba, na nasiha da maimaita gwajin jini. Bayan wata tara, kashi 63 na waɗanda aka yi wa gwajin cutarsu ta kwanta, kashi 61 a ɗaya ɓangaren. Bambancin bai kai a kira shi bambanci ba.

Saboda haka, wanda ya gaza a kan efabirenz ko nebirafin, kuma aka ce masa sai ya sayar da akuya ya biya gwajin bijirewa, ko ya yi watanni yana jiran sakamako kafin a canza masa, an ɗora masa nauyin da ba dole ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2021 ta ce ga masu irin waɗannan magunguna ana iya duba yiwuwar canji tun daga gwaji ɗaya da ya haura 1,000, ba sai an jira na biyu ba. Amma a riƙe wannan: ban ce gwajin ba shi da amfani ba. Akwai inda shi ne alƙali, zan zo kansa.

Bairal lod da CD4 ba tambaya ɗaya suke amsawa ba

Ana yawan cakuɗa su. Bairal lod na ranar canji yana ɗan hasko ko cutar za ta kwanta da wuri: wanda ya fara layi na biyu da dubu biyar ya fi wanda ya fara da dubu ɗari biyar sauƙin kaiwa ga "ba a gani ba", wato ƙwayar cutar ta ragu har gwaji ba ya ganin ta a jini. Sai dai babbar lamba fuska biyu gare ta. Tana iya nufin cuta ce mai ƙarfi, tana iya nufin mutum ya ajiye magani gaba ɗaya. Lambar ba ta faɗa maka wanne ne.

CD4 kuwa ba ta da gwaninta wajen faɗin ko magani zai yi aiki. A shekarun da babu injin bairal lod a yawancin asibitoci, da ita ake gane gazawa, kuma ta yi ta kuskure ta fuska biyu: a canza wa wanda cutarsa a kwance take, a bar wanda tasa ta daɗe da tashi. Abin da ta iya shi ne faɗin wanda ke bakin haɗari yanzu. Ƙasa da 200, mutum ya shiga sahun masu cutar da ta yi nisa, kuma kafin sabon magani ya gama aikinsa tarin fuka ko sanƙarau na ƙwayar kiriftokokas suna iya riga shi. Irin wannan ana yi masa gwajin tarin fuka, har da na fitsari, da gwajin kiriftokokas a jini, a ba shi kotirimokzazol, wanda kowa ya fi sani da Septrin. Kusan rabin waɗanda suka shiga binciken NADIA, da za mu zo kansa, CD4 ɗinsu ƙasa da 200 take. Wannan ya nuna yadda ake makara kafin a yi canji. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2019 ya gano cewa cikin waɗanda aka tabbatar magani ya gaza musu, rabi da ɗan kaɗan ne kawai aka canza musu yadda ya kamata. Sauran suna nan a kan maganin da ya mutu, sojojin jiki suna ta zubewa.

Wato in tambayarka ita ce "zai kwanta?", dubi bairal lod da tarihin sha. In tambayarka ita ce "za mu iya jira?", dubi CD4.

Shan magani: alama mafi ƙarfi, mafi wuyar aunawa

Nan gizo yake saƙa. Kowa ya yarda shan magani shi ne komai, amma yaya za a san gaskiyarsa? In ma'aikaciyar jinya ta dubi dattijo ta ce, "Baba, kana shan maganinka kullum ko?" amsa ɗaya za ta samu: "Ina sha, 'yata." Ba maƙaryaci ba ne. Kunya ce, da gudun faɗa, da ganin cewa an yi masa alheri an ba shi kyauta, ba zai so ya zama butulu ba. Ƙirgen ƙwayoyin da suka rage a kwalba ma ba shi da tabbas, don wanda ya san za a ƙirga ya san yadda zai rage su a hanya.

Abin da ya fi waɗannan biyun gaskiya, kuma ba ya cin ko kwabo, shi ne rajistar ɗakin magani. Ranar da aka ce ya dawo, da ranar da ya dawo. Wanda aka ba maganin wata uku ya dawo bayan wata huɗu, sau biyu a shekara, to akwai wata biyu da babu ƙwaya a hannunsa, komai ya faɗa. Akwai kuma gwajin da ke neman tenofobir a fitsari, mai nuna ko an sha a 'yan kwanakin nan, da wanda ke auna shi a busasshen ɗigon jini, mai nuna na makonni. Waɗannan sun fi yawa a wuraren bincike, ba kowane asibiti ke da su ba.

Tambayar ma tana da salo. "Baba, a satin nan wace rana ce shan maganin ya fi yi maka wuya?" ta fi buɗe baki, domin ta riga ta ɗauka cewa mantuwa halin ɗan Adam ce. A nan ake jin ainihin dalilai. Matar da ba ta faɗa wa mijinta ba, tana ɓoye kwalba a cikin buhun gero, ba ta iya sha sai ɗaki ya zama ba kowa. Amaryar da ke tsoron kishiya ta gani. Direban babbar mota da ya bar maganin a gida ya yi sati biyu a hanyar Legas. Ɗan ci-rani. Wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, katin asibitin ma ya ɓata. Wanda ke jin jiri in ya sha da yunwa, ga shi abincin sau ɗaya ne a rana. Wanda aka ce masa ya warke bayan wani jiƙo. Matashin da aka haifa da cutar, ya kai shekara goma sha shida, ya gaji, yana fushi da duniya. Matasa dai suna cikin rukunin da cutarsu ta fi ƙin kwanciya.

Ruwa ba ya tsami banza. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai zai bi mutum zuwa layi na biyu in ba a taɓa shi ba, kuma layi na biyu na da, mai ƙwayoyi da yawa da gudawa, ya fi na farko wuyar sha. Wancan nazarin na 2019 ya nuna kusan kashi 46 na masu babban bairal lod suna komawa ƙasa bayan an taimaka musu kan shan magani, ba tare da an canza komai ba. Kusan rabi ke nan. Shi ya sa nake cewa, in aka ba ni zaɓi tsakanin takardar bijirewa da rajistar karɓar magani ta wata goma sha biyu, aka ce in yi hasashen wanda zai yi nasara, rajistar zan ɗauka.

Dolutegirabir ko ajin ritonabir?

Ga wanda ya gaza a kan efabirenz ko nebirafin, hanya biyu ce. Ko dolutegirabir, wanda ake rubutawa DTG, ko ɗaya daga cikin magunguna uku da ake ƙarfafawa da ritonabir: lofinabir, atazanabir, darunabir.

Lofinabir shi ne tsohon hannu, shi ya riƙe layi na biyu a Afirka shekara da shekaru. Binciken DAWNING, na mutum 624, ya gwada shi da dolutegirabir, aka wallafa a 2019. A mako na 48, kashi 84 na masu dolutegirabir sun sauka ƙasa da 50, masu lofinabir kashi 70. Tazarar ta fito tun ana tsakiyar aiki, har kwamitin sa ido ya ba da shawarar a daina ba rukunin lofinabir nasu. Ga ƙwaya huɗu a rana, biyu safe biyu dare, ga gudawa, ga hauhawar kitse a jini. A yau ba na ganin dalilin da zai sa a fara babba da shi in akwai wani.

Atazanabir ƙwaya ɗaya ce a rana, da abinci, ya fi sauƙi a ciki. Aibinsa biyu. Yana sa idon wasu ya yi rawaya, abin da ba ya nufin hanta ta lalace amma ya isa ya sa maƙwabta su fara tambaya, kuma mun ga abin da tsoron tambaya yake yi wa shan magani. Sannan yana buƙatar tsamin ciki kafin jiki ya tsotse shi, don haka mai shan omefirazol saboda gyambon ciki yana kashe shi bai sani ba.

Gasar gaske tsakanin dolutegirabir da darunabir take, kuma binciken NADIA ne ya haɗa su, da mutum 464 a Yuganda da Kenya da Zimbabuwe. A mako na 48 kusan kunnen doki suka yi, kashi 90 da kashi 92 ƙasa da 400. A mako na 96, dolutegirabir 90, darunabir 87. Wajen kwantar da cuta babu wanda ya kayar da wani. Bambancin yana cikin waɗanda suka faɗi. Mutum tara a rukunin dolutegirabir ƙwayar cutarsu ta bijire masa. A rukunin darunabir, ko ɗaya. Ma'ana darunabir ya fi yafiya: mutum ya yi wasa da shi, cutar ta tashi, ya dawo ya gyara, maganin yana nan da ƙarfinsa.

Sai dai yafiyar tana da farashi. A 2021 aka sanar da yarjejeniyar da ta sauko da darunabir mai haɗe da ritonabir zuwa dala 210 a shekara, shi kaɗai ban da magungunan rakiya. Ƙwayar TLD kuwa, wadda ta haɗa tenofobir da lamibudin da dolutegirabir wuri guda, ta fara da kimanin dala 75 a 2017, ta sauko ƙasa da dala 45 a 2023. Mai karɓa a asibitin gwamnati ba shi ke biya ba, amma farashi shi ke yanke abin da za a samu a kan kanta, kuma tun da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare a Janairun 2025 kowa ya ga yadda wannan lissafi yake da rai. Maganin da ya fi kyau a takarda amma yake yankewa a ɗakin magani ya zama mafi muni. Ga kuma yawan ƙwaya: TLD guda ɗaya, kowane lokaci, da abinci ko babu. Darunabir biyu, dole da abinci, ga ta rakiya ta uku.

Cututtukan da mutum yake ɗauke da su sukan yanke hukuncin kafin a kai ga wannan muhawara. Mai tarin fuka da ke shan rifamfisin ba zai sha darunabir ko atazanabir ba, don rifamfisin yana kore su daga jini. Dolutegirabir kuwa ana ƙara masa ƙwaya ta biyu bayan awa 12, shi ke nan. Mai ciwon suga da ke shan metfomin, dolutegirabir yana ɗaga yawansa a jini, sai an daidaita. Yana kuma sa wasu ƙiba, mata sun fi, wasu kuma rashin barci, abin da mayar da sha zuwa safe yakan rage. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da na ƙashi mai kalsiyam, da farin ruwan nan na ƙwannafi, suna kama dolutegirabir a ciki su hana shi shiga jini. Ana shan sa awa biyu kafin su ko awa shida bayansu. Wannan ƙaramin abu ne da ya kamata a tambayi duk mai ciki da aka ga bairal lod ɗinta ya ɗaga. Fargabar da ta taso daga Botsuwana a 2018, cewa yana iya jawo wa jarirai tawayar laka, ta kwanta bayan an tara ƙarin haihuwa aka ga bambancin ya ɓace, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga mata masu haihuwa.

Hukuncina: mafi yawan mutane, dolutegirabir. Wanda rajistarsa ta nuna ramuka, kuma dalilin ramukan bai gushe ba, shi ne wanda ya dace likita ya tsaya ya yi tunanin darunabir a kansa, in akwai shi ba yankewa.

A bar tenofobir ko a koma zidobudin?

Shekaru da dama ƙa'idar ita ce, wanda ya gaza a kan tenofobir a mayar da shi zidobudin, wato AZT, tunda canjin K65R da ke raunana tenofobir ba ya taɓa zidobudin. A takarda hujja ce mai kyau. NADIA ta gwada ta. Fiye da rabin mutanen sun shigo da bijirewa ga tenofobir, fiye da kashi 90 ga lamibudin. Duk da haka a mako na 96, waɗanda aka bar su a kan tenofobir kashi 92 cutarsu ta kwanta, waɗanda aka mayar zidobudin kashi 85. Cikin mutum taran nan da suka bijire wa dolutegirabir, shida masu zidobudin ne.

Zidobudin sau biyu ake sha a rana, yana tayar da zuciya, yana cin jini. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa kusa-kusa suka riga suka rage wa mata jini, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Sha biyu a rana kuma yana nufin dama biyu ta mantuwa, da dama biyu ta a gan ka. Da azumi ana iya daidaita shi da sahur da buɗa-baki, amma mai ƙwaya ɗaya ya fi hutawa. Ga ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na NAIIS a 2018 ya samu a jikin kimanin kashi 8 na manyan Najeriya: tenofobir yana danne shi, kuma cire shi kwatsam yana iya tayar da ciwon ya yi wa hanta mummunar illa. Mai wannan ciwon ba a raba shi da tenofobir ko da wane layi ya koma. A sabbin shawarwarinta na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan sake amfani da tenofobir a layi na gaba, ta kuma fifita darunabir a kan 'yan ajinsa biyu.

Inda zidobudin ko abakabir suke da gurbi shi ne mai ciwon ƙoda, don tenofobir na yau da kullum yana taɓa ƙoda. Shi ya sa gwajin ƙoda da na yawan jini da na hanta B, masu arha duka, sun fi gwajin bijirewa tasiri a kan wannan zaɓin.

Idan TLD ce ta gaza

Duk binciken da na ambata an yi su ne a kan mutanen da suka faɗi daga efabirenz ko nebirafin. Yau kuwa a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu mafi yawan masu shan magani a kan TLD suke, ko da ita suka fara ko an mayar da su. Lissafin ya juya. Dolutegirabir ba ya karyewa da canji ɗaya kamar efabirenz, don haka in bairal lod ya tashi a kansa, mafi rinjaye ba bijirewa ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa a ƙasashen da aka yi safiyo, cikin waɗanda cutarsu ba ta kwanta a kan dolutegirabir ba, masu bijirewa sun kama daga kashi 3.9 zuwa 8.6. Ko a rukunin da ya fi muni, na waɗanda suka daɗe a kan wasu magunguna aka mayar da su TLD alhali cutarsu tana sama, kashi 19.6 ne. Wato ko a can, mutum huɗu cikin biyar maganinsu yana da rai.

A nan gaggawar canji kuskure ne. Ka ɗauke mutum daga ƙwaya ɗaya mai aiki, wadda ya kasa sha, ka ɗora masa uku. Kuma a nan ne gwajin bijirewa ya cancanci kuɗinsa, don shi kaɗai zai raba ɗan ƙaramin rukunin da ke buƙatar darunabir da babban rukunin da ke buƙatar a zauna da su. Afirka ta Kudu, misali, a ƙa'idarta ta 2023 ta ce ba a saurin kai mai TLD gwajin bijirewa sai ya yi shekara biyu a kanta, bairal lod ya maimaita hawa, kuma an tabbatar yana sha. Wanda ya fi cancantar a yi masa da wuri shi ne wanda ya taɓa gazawa a kan wani magani kafin TLD, ko ya sha rifamfisin ba a ƙara masa ƙwaya ta biyu ba, ko CD4 ɗinsa tana zubewa.

In za a yi gwajin, sharuɗɗa biyu ne ke hana kuɗin tafiya a banza. A ɗebi jinin mutum yana kan maganin, domin in ya yi makonni da ajiyewa ƙwayoyin cutar da ba su canza ba sukan mamaye jinin, takarda ta fito fes alhali bijirewar tana ɓoye. Sannan a tabbatar gwajin ya haɗa da sashen intagires, inda dolutegirabir yake aiki, inda canje-canje irin su R263K da G118R suke fitowa. Gwajin da aka saba yi ba lallai ya duba wannan sashen ba sai an nema, kuma takardar da ba ta duba shi ba ba ta ce komai a kan TLD ba.

Bayan canji, kowane magani aka zaɓa, bairal lod na wata shida shi ne hasashen da ya fi duk na baya. In ya sauka ƙasa da 50, a ci gaba, a maimaita a wata na 12, daga nan shekara-shekara. In yana tsakanin 50 da 1,000, a koma kan rajista da jerin sauran magungunan da mutum yake sha, har da na kemis da na gargajiya, a sake gwaji bayan wata uku. In ya haura 1,000 a kan layi na biyu, ba a tsallaka layi na uku da ka: sai da gwajin bijirewa da shawarar ƙwararru, don a can ana iya kaiwa ga shan darunabir sau biyu a rana tare da dolutegirabir, kuma zaɓin da ya rage bayansa kaɗan ne.